Na Yi Ajiyar Kwas Ɗina, Amma Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata kwaleji, shekara 6 ke nan ina koyar da kwas ɗin ƙididdiga ta dandalin koyarwa na intanet mai suna Moodle. An sanar da mu cewa ƙarshen wannan zango za a rufe dandalin a koma wani mai suna Canvas, saura mako 6. Duk gumina yana ciki: darussa, bidiyo 31, tambayoyin jarrabawa sama da 400 da na tara ɗaya bayan ɗaya, da ƙamus ɗin kalmomi da na rubuta wa ɗalibai. Na danna maɓallin ajiya, ya ba ni fayil ɗaya mai nauyin megabait 38, sunansa ya ƙare da -nu.mbz, kwamfutata kuma ta ƙi buɗe shi. Ga wani tsohon ɗalibi yana ƙorafi a kan makinsa na bara. Wani abokin aikina mai asusun kula da dandalin ya ce zai ara mini kalmar sirrinsa in kwashe komai, har da ayyukan ɗalibai, in adana a gida. Ma'aikatan sashen kwamfuta sun ce kada mu damu, suna ajiye komai, ni kuma ina jin nauyin sake tambayarsu kada a ce ban san komai ba. Fayil ɗin nan lalacewa ya yi? In karɓi kalmar sirrin?

Wa alaikumus salam, Malama. Fayil ɗinki lafiyarsa ƙalau. Kalmar sirrin kuwa kada ki karɓa, zan zo kan dalili. Sai dai rashin kwanciyar hankalin da kike ji yana da tushe, domin abin da ke hannunki bai kai rabin abin da kike zaton kin ajiye ba, kuma sunan fayil ɗin da nauyinsa su suka faɗa mini haka.

Ƙin buɗewar da ya yi ba komai ba ne. Fayil mai ƙarewa da .mbz ƙunshi ne da Moodle ke ɗaurewa don Moodle ya kwance. Idan kin matsa sai kin leƙa ciki, manhaja irin 7-Zip za ta buɗe miki shi, amma abin da za ki gani ba zai faranta miki rai ba: tarin fayilolin XML, wato rubutun da aka tsara don na'ura ta karanta, da wata folda cike da abubuwa masu sunaye na haruffa da lambobi 40 a cakuɗe, babu wanda ya nuna ko takarda ce ko hoto. Darasinki na mako na uku yana cikinsu, an dai cire masa suna an maƙala masa lamba, kuma rajistar da ta san wace lamba ce ta wane darasi wani fayil ne daban mai suna files.xml. Wato kayan suna nan, amma sai da dandali mai rai za su koma kwas. Ki riƙe wannan, domin kan gaba duk maganarmu a kansa za ta rataya.

Yanzu ga nauyin. Bidiyo 31 ba za su shiga cikin megabait 38 ba, ko da an matse su matsewar da ba a iya gane fuskarki. Lacca guda mai tsawo ta isa ta cinye wannan wurin ita kaɗai. Abin da ya faru shi ne bidiyoyin tun asali ba a cikin Moodle suke zaune ba. Ko dai suna YouTube, ko Google Drive, ko wata ma'ajiyar bidiyo da makaranta ta ɗauka haya irin su Panopto ko Kaltura, shafin darasin kuma taga ce kawai da ake hango su ta ciki. Abin da fayil ɗinki ya ɗauko adireshi ne. Ranar da makaranta ta daina biyan kuɗin waccan ma'ajiya, ko aka rufe asusun da aka ɗora su a kai, adireshin zai ci gaba da nuna gidan da aka riga aka rushe. Ki bi bidiyoyin nan ɗaya-ɗaya, ki gano inda kowanne yake kwana da kuma asusun da aka ɗora shi da shi, ki sauke shi a matsayin MP4. Idan asalin da kika ɗauka da kyamara yana nan a tsohuwar waya ko kwamfuta, shi ya fi, don wanda ake saukewa daga intanet galibi an rage masa kyau. Wannan shi ne aikin da zai fi cin lokaci da data a cikin mako shidan nan, saboda haka da shi za ki fara.

Sai haruffan nan biyu, nu. Moodle ne ke maƙala su a sunan fayil don ya nuna an yi ajiyar ba tare da bayanan masu amfani da kwas ɗin ba. A tsarin da dandalin ke zuwa da shi, malami ba shi da izinin haɗawa da waɗannan bayanai. Da kin lura a shafin farko na ajiyar, akwatin ɗaliban da suka yi rajista a kulle yake. Kowa zai ce ai ba laifi, kayana nake so, ba na ɗalibai ba. To a nan tarkon yake. A wurin Moodle, kalmomin da ke cikin ƙamus bayanan mai amfani ne, ko da ke kika rubuta su da hannunki. Haka saƙonnin zauren tattaunawa har da sanarwoyinki, haka shafukan wiki, haka abin da aka cike a rumbun bayanai. Idan kika dawo da wannan fayil, za ki tarar da ƙamus ɗinki da sunansa da tsarinsa, ki buɗe ki ga wayam. Na ga malamai da dama sun gano wannan bayan an riga an kulle ƙofa. Maganin mai sauƙi ne matuƙar dandalin na buɗe: ki shiga ƙamus ɗin, akwai wurin fitar da kalmominsa su kaɗai a fayil ɗin XML, ki fitar. Sa'an nan ki buɗe shi a yanayin bugawa ki adana shi PDF, don ki samu wanda ido zai iya karantawa. Amsoshin da kika taɓa rubuta wa ɗalibai a zauren tattaunawa, waɗanda kika san sun fi wasu darussan bayani, ki kwafe su cikin takarda ba tare da sunan ɗalibi ba.

Tambayoyi 400 ɗin nan su ne dukiyar kwas ɗin, domin darasi ana iya sake rubuta shi a mako guda, amma tambayar da aka gwada a kan ɗalibai shekara da shekaru aka gyara mata zaɓuɓɓuka ba ta dawowa da sauƙi. Mai yiwuwa suna cikin fayil ɗinki, idan akwatin rumbun tambayoyi yana da alama lokacin da kika yi ajiyar. Kada ki tsaya a kan mai yiwuwa. Ki shiga rumbun ki fitar da su daban, sau biyu: sau ɗaya a tsarin Moodle XML, wanda ke ɗaukar hotuna da bayanan gyara, sau ɗaya a tsarin GIFT, wanda rubutu ne tsagwaronsa da kowace kwamfuta za ta buɗe, ko da bai iya ɗaukar kowane irin tambaya ba. Tunda ƙididdiga kike koyarwa, ina kyautata zaton kina da tambayoyin lissafi masu sauya lambobi ga kowane ɗalibi. Irin waɗannan su ne kan gaba wajen karyewa a hanyar ƙaura daga dandali zuwa dandali. Ki rubuta dabarar kowace da iyakar lambobinta a takarda ta daban.

Kin ce kwamfutarki ta ƙi buɗe shi, wato kin sauke shi, kuma wannan ya sa kin fi da yawa daga cikin abokan aikinki. Mutane da dama suna ganin saƙon an kammala sai su rufe shafi, alhali fayil ɗin yana zaune a cikin dandalin da za a rufe. Ni kaina na taɓa yin wannan wautar a wata makaranta da na koyar na ɗan lokaci. Duk ƙarshen zango ina yin ajiya, ina jin kaina mai tsari, ashe duk a cikin asusuna na makarantar nake jibge su. Kwantiragina ya ƙare ran Juma'a, ran Litinin na zo shiga aka ce babu wannan suna. Ba wanda ya zalunce ni, ƙa'idarsu ce, kuma a rubuce take. Ni ce ban karanta ba.

Amma saukewa kan kwamfuta guda, tsugune ba ta ƙare ba. Masu harkar adana bayanai suna da wata ƙa'ida da suke kira 3-2-1: kwafi 3, a kan na'urori iri 2, ɗaya kuma a wani wuri daban. A wurinki wannan na nufin kwamfutarki, da faifan ajiya na waje da ba ya zama a jone kullum, da ma'ajiyar intanet a asusunki na kanki wanda ba ya mutuwa idan kin bar aiki. Wannan na ukun shi ake yi wa kallon ƙari, har sai an tuna abin da ya faru a Strasbourg ta Faransa a watan Maris na 2021, lokacin da gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen ajiyar bayanai na kamfanin OVHcloud. Akwai abokan cinikin da suka rasa bayanansu tare da ajiyarsu, saboda duka biyun a wuri ɗaya suke. Akwai abu biyu ƙanana da ke sa mutane tuntuɓe a nan. Filashin da aka tsara a kan tsohon tsarin ajiya mai suna FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4, ko da akwai fili fal a cikinsa. Idan ya ƙi karɓar bidiyo, ki sake tsara shi a kan tsarin exFAT bayan kin kwashe abin da ke ciki. Sa'an nan foldar da ke daidaita kanta da intanet madubi ce: kika goge abu a kwamfuta, can ma ya tafi, kuma kwandon shara na Google Drive kwana 30 yake riƙe abu. Shi ya sa faifan da ke cikin aljihun tebur yake da ranarsa.

Batun ma'aikatan sashen kwamfuta, ba ƙarya suka yi miki ba, tambayar da suka amsa ce daban da taki. Ajiyar da suke yi ta dandalin ce gaba ɗaya, don idan sabar, wato babbar kwamfutar da dandalin ke kanta, ta mutu cikin dare su tashe ta da safe. Ba a yi ta don a zaro wa malama guda tambayarta ta 212 bayan shekara biyu ba. Kuma ki tuna abin da na ce ki riƙe: ƙunshin Moodle sai Moodle mai rai. Idan sun kashe dandalin suka ajiye ƙunshi dubu a faifai, wa zai kwance? Saboda haka ki rubuta musu, a rubuce ba a baki ba, ki tambaya: bayan rufewa, tsohon dandalin zai ci gaba da buɗewa don karatu kawai, har zuwa yaushe? Ajiyar da suka yi ta haɗa da maki da ayyukan ɗalibai? Shekara nawa za a riƙe ta? Wa ake nema idan ana bukatar wani abu daga ciki? Su za su kwashe kwasa-kwasai zuwa Canvas ko kowane malami shi zai kwashe nasa? Maganar jin nauyi kuwa, Malama, ranar wanka ba a ɓoye cibiya. Waɗannan tambayoyin na wanda ya san abin da yake yi ne, kuma wanda ya taɓa zama a irin wannan ofis zai gaya miki sun fi son mai tambaya saura mako 6 a kan mai kuka bayan mako 6.

A cikin wasiƙar ki roƙi abu ɗaya da ya fi duk sauran muhimmanci: su buɗe miki fankon kwas guda a Moodle, da wani fankon a Canvas, don gwaji. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ki dawo da fayil ɗinki cikin fankon na Moodle, ki shiga a matsayin ɗaliba, ki bi mako-mako. Ki danna kowane mahaɗi. Ki yi jarrabawa guda daga farko har ƙarshe ki ga ko ta ba da maki daidai. Ki ƙirga tambayoyin rumbun, su cika yadda kika san su. Ki yi hattara a wuri guda: lokacin dawo da ajiya, Moodle zai ba ki zaɓi tsakanin ƙarawa a kan abin da ke cikin kwas da share abin da ke ciki tukuna. Kada ki kuskura ki yi wannan gwajin a cikin kwas ɗin da ɗalibai ke ciki yanzu, kuma ki karanta sunan kwas ɗin sau biyu kafin ki danna. Idan fayil ɗin ya ƙi hawa saboda nauyi, iyaka ce da masu kula suka sa, su za su ɗaga ta.

Canvas yana karɓar fayil ɗin ajiyar Moodle kai tsaye a wurin shigo da kayan kwas, amma karɓa daban, fahimta daban. Fayiloli da shafuka da tambayoyin zaɓi sukan haye lafiya. Darasi mai rassa, da ƙamus, da sharuɗɗan sai ka gama wannan kafin wancan ya buɗe, da lissafin rukunin maki, su ne ke isa a gurgunce ko su maƙale a hanya. Bayan shigarwa yakan nuna jerin matsalolin da ya ci karo da su. Ki karanta shi layi-layi, kada ki rufe. Akwai kuma wani tsari na bai ɗaya da ake kira Common Cartridge, mai ƙarewa da .imscc, wanda ƙungiyar IMS Global ta fitar, ita ce ta koma 1EdTech a 2022. Moodle na iya fitar da kwas a wannan tsarin, Canvas da wani dandalin koyarwa mai suna Blackboard kuma suna karantawa. Ki yi kwafi ɗaya da shi, ba ya cin komai, sai dai abin da dandamali suka yi tarayya a kai kaɗai yake ɗauka.

Duk wannan don zango mai zuwa ne. Abin da kike so ki tarar bayan shekara 10 wani aiki ne daban, kuma a ganina shi ya fi cancantar gajiyarki. Dandali ba ya dawwama. Ga shi ke ma shekara 6 kacal aka ce ki tattara. Waɗanda suka gina darussa masu motsi a kan manhajar Flash ta kamfanin Adobe sun ga haka, don tun ƙarshen 2020 Adobe ya janye hannu daga gare shi, manhajojin shiga intanet suka daina kunna shi, darussan suka zama fayilolin da ke nan amma ba mai buɗewa. Saboda haka ki gina wata folda da ba ta bukatar kowane dandali: kowane mako da foldarsa, darasi a PDF tare da asalinsa da za a iya gyarawa, bidiyo a MP4, tambayoyi a rubutu, bayanan da ɗalibai ke yin atisaye da su a CSV, wato tebur a rubutu zalla. Ki sa shekara a gaban suna, kamar 2025-mako03-matsakaici, ki rabu da su "na ƙarshe" da "na ƙarshe sosai". A saman komai ki ajiye takarda mai shafi ɗaya da ke faɗin yadda kwas ɗin ke tafiya, da yadda ake raba maki, da lambar zubin Moodle, wato fitowar manhajar, da aka yi ajiyar da shi, domin ƙunshin sabon zubi ba a dogara da shi a tsohon zubi. Ba sai kin kwashe komai ba ma. Sanarwar ɗage lacca ta shekara huɗu da suka wuce, a bar ta ta huta. Kuma kafin ki kai waɗannan kaya wata makaranta wata rana, ki duba abin da takardar aikinki ta ce game da mallakar kayan koyarwa, don makarantu sun bambanta a kan haka.

To, kalmar sirri. Na san abokin aikinki taimako ya nufa. Amma kullen nan da kika gani a kan akwatin ɗalibai da gangan aka sa shi, kuma ba Moodle kaɗai ba: fayil ɗin da Canvas ke fitar wa malami ba ya ɗauke da maki ko ayyukan ɗalibai, Blackboard kuma ya raba ƙofa biyu, ɗaya ta kayan kwas zalla, ɗaya ta cikakken tarihi. Dalili shi ne sunayen ɗalibai da makinsu da abin da suka rubuta amana ce a hannun makaranta, kuma ƙasashe da yawa suna da dokar da ta ɗaure ta a kan haka, kamar dokar kare bayanan mutane ta GDPR da ta fara aiki a Tarayyar Turai a watan Mayu na 2018. Idan kika kwashe bayanan ɗaliban shekara 6 a filashi ya faɗi a hanya, ba sunan makaranta za a fara kira ba. Bayan haka, dandalin yana rubuta duk abin da aka yi, da lokaci, da asusun da ya yi. Duk abin da hannunki ya taɓa da sunansa za a rubuta, kuma asusun mai kula yana iya share kwas ɗin wani da dannawa biyu. Kin jefa shi a matsala, kin jefa kanki, a kan abin da za ki samu ta ƙofa.

Kuma ga abin da ya fi: wannan hanyar za ta ɓata miki hujja a kan ɗalibin da ke ƙorafi. Makin da aka ciro daga kwamfutar malamar da ake ƙorafi a kanta, bayan ta shiga da asusun da ke iya canza maki, wa zai yarda da shi? Abin da zai tsaya miki shi ne tarihin da ke hannun makaranta, wanda ba ki taɓa ba: lokacin da ya miƙa aiki, amsoshin da ya zaɓa, gyaran da kika rubuta masa, da tarihin sauye-sauyen maki. Yau ɗin nan ki rubuta wa shugaban sashenku, ki sa sashen kwamfuta a kwafi, ki ce akwai ƙorafi a kan kwas kaza na zango kaza, kina roƙon a yi masa cikakkiyar ajiya da bayanan ɗalibai da rajistar shige da fice, kada a share kuma kada a sake saita shi har sai an rufe maganar. Teburin maki da ayyukan da aka miƙa kina iya sauke su da asusunki na malama. Idan an bukace su, ki sa su a ma'ajiyar da makaranta ta amince da ita, ban da wayarki da imel ɗinki na gida.

Shi kuma abokin aikin naki, ki yi masa godiya, ki ce ya riƙe kalmarsa. Idan da gaske yana da izinin kula da dandalin, to shi ne ma mutumin da zai buɗe miki fankon kwas ɗin gwaji cikin minti biyar, ya ɗaga miki iyakar nauyin fayil, kuma idan wasiƙar shugaban sashe ta iso, ya yi cikakkiyar ajiyar da hannunsa da sunansa. Ki ce masa ya duba sunan fayil ɗin idan ya gama, kada a ga nu a ƙarshensa.